Ƙofar gareji da ta shago: haɗarin da ke ɓoye cikin sifirin

Duk wanda ya bi ta Nima ko Mamobi a Akra bayan sallar Asuba, ko ya ratsa Aboabo a Kumasi, ya san ƙarar nan ta ƙofofin ƙarfe ana tura su sama ɗaya bayan ɗaya. Yaron shago da bai wuce shekara goma sha biyar ba sai ya sa hannu ɗaya ya ɗaga ƙofar da ta fi shi nauyi. Haka a sababbin unguwanni, maigida na danna ɗan rimot ƙofar gareji ta tashi kamar labule. Mutane kaɗan ne ke tsayawa su tambayi kansu me ke ɗaukar wannan nauyi. Amsar tana can sama, a jikin bututun da ke saman ƙofar: sifirin ne, wato ƙarfen nan mai murɗe-murɗe. Ranar da ya tsinke, ranar ce ake sanin darajarsa.

Ƙofar gareji mai hawa sama ta fara yaɗuwa ne daga Amurka, inda wani mai suna C. G. Johnson ya ƙera ta a 1921, ya kuma haɗa mata injin lantarki a 1926. Dabarar da ke cikinta kuwa ta girmi haka nesa ba kusa ba. Tun 1678 masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa gwargwadon yadda ka ja sifirin ko ka murɗa shi, gwargwadon ƙarfin da zai mayar maka. Ɗaliban sakandare suna karanta wannan a darasin kimiyya, ga shi kuma a ƙofar shagon iyayensu. Idan ana saukar da ƙofa, nauyinta ne ke murɗe sifirin, ya tara ƙarfi ya ajiye. Idan aka zo ɗagawa sai ya warware, ya biya bashin da ya ci. Shi ya sa ƙofar da ta kai kilo 70, ko ma ta haura 100 idan mai faɗin mota biyu ce, take zama sakayau a hannu.

Iri uku aka fi gani. Akwai na murɗawa, wanda ke kwance a jikin sandar ƙarfe a saman ƙofar gareji, da wayoyi biyu masu saukowa ta gefe su riƙe gindin ƙofar. Akwai na ja, guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, masu miƙewa idan ƙofa ta sauka. Sai kuma na ƙofar shago mai naɗewa, wanda ke ɓoye a jikin bututun da ƙofar ke naɗuwa a kai. Wannan na ukun shi ne ya fi yawa a zangonninmu. Siffa ce ta bambanta, aikin duk ɗaya ne.

To, me ke tsinka shi? Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ga ta karye ba tare da ka sa wuƙa ba. Ƙarfe ma yana gajiya. Masu ƙera sifirin ɗin gareji na yau da kullum sukan yi masa lissafin hawa da sauka sau 10,000. Gidan da ake buɗe gareji sau huɗu a rana yana cin 1,460 a shekara, ka ga wajen shekara bakwai ke nan. Amma mai shagon da ke jan ƙofa duk lokacin da zai tafi masallaci ko cin abinci, a ce sau shida a rana, yana cin 2,190 a shekara. Idan aka yi masa wannan ma'auni, shekara huɗu da rabi ya cinye kwanan sifirin ɗinsa, shi kuma yana ganin ai jiya-jiya aka sa ƙofar.

Yanayi ma na da nasa hannun. A Akra da Tema da Takoradi iskar teku na ɗauke da gishiri, ga laimar damina, tsatsa sai ta yi ta cin ƙarfen tana buɗa ƙananan ramuka, daga nan tsagewa ke farawa. A Tamale da sauran garuruwan arewa ƙurar hunturu ce ke shiga hanyar da ƙofar ke bi, ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi. Ƙofa ta yi tauri, a riƙa fizgarta da ƙarfi, wahalar ta koma kan sifirin.

Yawanci yakan tsinke ne lokacin da ƙofa ke rufe, domin a lokacin ne ya fi ɗaurewa. Shi ya sa sau da yawa cikin dare maƙwabta ke jin ƙara kamar an harba bindiga, gari ya waye a tarar ƙofa ta ƙi tashi. A na gareji za ka ga giɓi kamar faɗin yatsu uku a tsakiyar sifirin ɗin, wayoyin gefe kuma sun saki. Kafin a kai nan akwai alamu: ƙofa ta fara nauyi, ko tana hawa a karkace, ko tana zamewa ƙasa da kanta, ko tana kuka duk lokacin da aka taɓa ta. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne a ɗaga ta zuwa rabi a saki a hankali, hannu na kusa. Lafiyayyar ƙofa za ta tsaya inda aka bar ta. Idan ta yi ƙasa da gudu, lokacin kiran mai gyara ya yi. Mai injin lantarki ya fara cire haɗin injin tukuna, kuma ya yi hakan ƙofa na rufe.

A nan ne dabarun gaggawa ke shigowa, kuma su ne suka fi raunata mutane. Ta farko ita ce tokare ƙofa da katako ko sandar ƙarfe a ci gaba da ciniki. Kowa ya san shagon da ya yi wata da watanni a haka. Akuya ta gifta, ko yaro ya jingina, ko mai kaya a ka ya bangaji sandar, ƙofar za ta faɗo da dukkan nauyinta, kuma a bakin shago yara ƙanana suka fi zama. Allah ya kiyaye. Ta biyu ita ce kai tsinkakken sifirin wajen mai walda ya liƙa. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne an sanyaya shi a kan wani ma'auni na musamman, zafin walda kuwa yana lalata wannan gashin. Wurin da aka liƙa zai yi kyau a ido, amma gefensa ya riga ya mutu, nan zai sake karyewa, wataƙila a lokacin da ƙofar ke saman kan mutum. Ta uku ta masu rimot ce: a yi ta dannawa ko injin zai ja. An ƙera injin ne don ya tura ƙofar da sifirin ya riga ya ɗauke wa nauyi. Idan aka tilasta shi sai ya ƙone ko ya lanƙwasa saman ƙofar, gyara ɗaya ya zama biyu.

Gyaran gaskiya shi ne canji, kuma aikin gwani ne. Abin da ya sa kuwa, sifirin ɗin ƙofa mai tsayin mita biyu da ɗoriya sai an murɗa shi kusan zagaye bakwai da rabi, kwata-kwata har sau talatin, da sandunan ƙarfe biyu da suka dace da ramukan kansa. Wanda ya sa sukundireba ko guntun rodi a madadinsu, da zarar ya suɓuce, ƙarfin da aka tara zai dawo masa a yatsu ko a fuska. Gwani ba ya tsayawa saitin sandar, a gefe yake kafa tsaninsa, kuma yakan danne ƙofar da filaya mai kullewa don kada ta tashi da shi. Haka ƙarafan da ke gindin ƙofa inda wayoyi suka kama, ba a kwance notinsu muddin sifirin na ɗaure.

Ko da ba kai za ka yi aikin ba, akwai abin da ya kamata ka sa ido a kai. Sifirin ba a sayensa da ƙiyasi. Ana auna kaurin wayarsa, ta hanyar auna zobe ashirin a raba, sannan faɗin cikinsa, da tsawonsa, da kuma ko na murɗin dama ne ko na hagu. Wanda ya yi wa ƙofa kaɗan ba zai ɗaga ta ba, wanda ya fi ƙarfinta kuma zai riƙa fizgarta sama. Idan biyu ne a ƙofar ɗaya ya tsinke, a canza su tare, don rana ɗaya suka fara aiki, ɗan'uwan ma yana hanya. Idan na ja ne, a tabbata an zura waya ta cikinsa an ɗaure a bango, yadda ko ya tsinke ba zai yi tsalle ya sami mutum ko gilashin mota ba.

Sai batun na hannu. A Suame Magazin da ke Kumasi da kasuwannin ƙarfe na Akra akwai maƙera da masu walda da suka san aikinsu ƙwarai, akwai kuma kayan da aka ciro daga tsofaffin ƙofofi ana sayarwa da sauƙi. Matsalar ita ce ido ba ya ganin gajiyar ƙarfe. Sifirin da ya yi hawa da sauka 9,000 da wanda ya yi 900, in an wanke su an shafa mai, kamarsu ɗaya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ka tambayi mai gyara sabo ne ko na hannu, ka kuma nemi ya bar maka tsohon da ya cire.

Yawancin masu shaguna a zango 'yan haya ne, nan ma rigima kan tashi: mai gida ya ce wanda ke buɗewa kullum shi ya lalata, ɗan haya ya ce ai tsohuwar ƙofa ya tarar. Kafin a gama jayayya shago ya kwana uku ba ciniki, ko ya kwana a buɗe ana gadi. Ya fi sauƙi tun ranar karɓar makulli a gwada ƙofar a gaban shaidu, a rubuta wanda gyaranta ke wuyansa.

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayan hunturu, a share hanyar ƙofar da buroshi, a ɗiga wa sifirin mai marar kauri, a guji cusa giris mai kama ƙura. A duba wayoyin gefe ko sun fara tsintsinkewa. A hana yara lilo da ƙofa ko wasa da rimot. Wanda ke da yaron shago kuma ya gaya masa tun yau: ranar da ƙofa ta yi nauyin da bai saba ji ba, kada ya nuna ƙarfi, ya bar ta a ƙasa ya kira maigida.