Tsabtace Sabon Ginin Tubali: Me Ya Sa Feshin Yashi Ba Shi Ne Mafita Ba

Idan magina suka gama aiki, sau da yawa bango yakan fito da dabbare-dabbare. Za ku ga ɗigon siminti ya bushe a fuskar tubali. Wani lokaci kuma wani farin gari ya fito masa kamar an barbaɗa kanwa. Duk wanda ya kashe dukiyarsa a kan gini yana son ya gan shi fes. To, yaya za a tsabtace shi ba tare da an yi masa lahani ba?

Wannan bayani domin ku ne, masu gida da magina da ƴan kwamitin makaranta ko na masallaci a Icirnawa da sauran garuruwan yankin Matameye.

Wane irin tubali ake nufi?

Tubalin laka da muka gada akan rufe shi da yaɓe. Bulon siminti ma akan yi masa shafe. Waɗannan ba su da matsalar tabo, domin fuskarsu tana ɓoye. Amma akwai iri biyu da ake barin fuskarsu a fili don kyaunta. Na farko shi ne jan bulo, wanda aka gasa a wuta. Na biyu shi ne tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kaɗan. Da irin wannan na biyun aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018. Irin wannan bango, fuskarsa ita ce adonsa, kuma ita ce garkuwarsa.

Mene ne feshin yashi?

Hanya ce ta kankare datti da inji. Injin yana matsa iska, iskar ta kwashi yashi ta cikin tiyo, ta watsa shi da ƙarfi a kan abin da ake son kankarewa. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi rajistar wannan dabara a 1870. An fi amfani da ita wajen cire tsatsa da tsohon fenti daga jikin ƙarfe. Wasu ƴan kwangila sukan juya ta kan bangon tubali, saboda tana da sauri.

Kun riga kun san aikin da yashi ke yi wa bango. Ku dubi gindin tsohuwar katanga ta wajen da iskar hunturu da guguwar farkon damina ke bugawa. Yashin da iska ke ɗauka ya cinye ta a hankali. Abin da iska ke yi cikin shekaru, injin yana yin sa cikin mintoci.

Illarsa ga bango

Fuskar tubali ta fi cikinsa tauri da santsi, kamar yadda bayan tukunyar ƙasa yake. Ita ce ke hana ruwa shiga da yawa. Yashi ba ya bambanta datti da tubali: yana cin duka biyun.

1. Yana kankare fuskar tubali, ya bar cikinsa mai ƙananan ramuka. Idan damina ta zo, bango ya riƙa shan ruwa.
2. Yana ƙwaƙule simintin da ke tsakanin tubali. A sabon gini simintin bai gama ƙarfi ba, domin yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake so.
3. Yana cinye gefen tubali da kusurwarsa, yana kuma canza launinsa.
4. Bangon da ya yi kaushi ya fi riƙe ƙura, saboda haka ya fi saurin yin datti.

Fuskar da ta tafi ba ta dawowa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Illarsa ga mutane

Wannan ita ce babba. A cikin yashi akwai wani sinadari mai suna silika. Idan yashi ya bugi bango da ƙarfi yakan farfashe, ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Ƙurar tana wucewa har cikin huhu ta zauna. Huhu ya yi tabo, ya yi tauri, numfashi ya gagara. Likitoci suna kiran wannan cuta silikosis. Ba ta da magani mai warkarwa. Wanda ya kamu da ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. A 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar silika cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Ƙasashe da dama sun ɗauki mataki. Ingila ta kafa dokar hana feshi da irin wannan yashi a masana'antun ƙarfe tun 1949. A Turkiyya, samari masu fesa yashi a kan wandunan jins don su koɗe sun kamu da cutar, wasu sun mutu, har gwamnati ta hana aikin a 2009.

Ku sani, rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙura. Kuma ba mai riƙe da tiyo kaɗai take kamawa ba. Tana sauka a tsakar gida, a kan yara, da kan matan da za su share wurin.

Hanya mai kyau: a tsabtace tun ana gini

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku yi magana da magini kafin ya aza tubali na farko.

1. A jera tubali a kan katako ko duwatsu, a rufe shi, kada ya sha danshin ƙasa.
2. A yi kwaɓi da yashi mai tsabta da ruwan daɗi. Ruwa mai kanwa ko gishiri yana jawo farin gari.
3. Idan siminti ya tsattsafo daga tsakanin tubali, kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, domin zai shafe fuskar tubalin. A bari ya ɗan sha iska, sannan a yanke shi da cokalin gini.
4. Kowace yamma a bi aikin ranar da busasshen buroshi mai laushi.
5. A shimfiɗa kara ko tsofaffin buhuna a gindin bango don tare fallatsi.
6. Idan hadari ya taso, a rufe saman bango da leda.

Idan an gama gini kuma akwai tabo

A jira kamar mako ɗaya, amma kada a bari ya wuce wata guda, domin siminti yana ƙara tauri kullum. A fara kankare manyan ɗigo da guntun katako. Kada a sa buroshin waya, yana barin zane da tsatsa.

Idan jan bulo ne, a jiƙa bangon sosai, a wanke da buroshi mai tauri, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. A fara daga sama a gangaro ƙasa. Idan tubalin ƙasa ne da aka matse, a yi aiki da busasshen buroshi, a rage ruwa. Ko wane iri ne, a fara gwadawa a wani ɓoyayyen lungu, a bari ya bushe, a ga yadda ya fito. Kada a zuba ruwan batir ko wani asid. Yana cin siminti, yana ƙona fata da ido.

Shi kuwa farin gari, gishiri ne da ruwa ya kwaso daga cikin gini, ya bar shi a waje bayan ya bushe. Haka kanwa ke fitowa a bakin tafki da rani. A share shi da busasshen buroshi. A sabon gini yakan ragu da kansa. Idan yana ta dawowa, ruwa na shiga ta wani wuri: ku duba indararo, da saman bango, da gindinsa.

Idan ɗan kwangila ya kawo injin feshi

Kuna da ikon tambaya kafin a biya kuɗi. Me zai fesa? Idan yashi ne, kada ku yarda. Zai fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri? Ma'aikacinsa yana da hular da ke rufe kai duka, wadda ake tura wa iska mai tsabta? Idan ginin jama'a ne, kamar aji ko gidan likita, kwamiti ya sa a rubuta a takardar kwangila cewa magini zai tsabtace bango da hannu yayin da yake gini.

Wanda ya taɓa yin aikin feshin yashi, ko fasa dutse, ko haƙar zinariya, idan yana fama da tari mai daɗewa ko haki, ya je asibitin Matameye. Ya gaya wa likita irin aikin da ya yi, a duba huhunsa, a kuma gwada shi tarin fuka.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Wane gini ne a garinku aka bar fuskar tubalinsa a fili?
2. Ruwan wace rijiya ne magina ke kwaɓi da shi? Yana da kanwa?
3. Waɗanne ayyuka ne a yankinku ke tayar da ƙurar dutse ko ta yashi, kuma su wa ke shaƙar ta?