Malamin makaranta da tikitin majalisar jiha: ina ƙuri'un ɗalibansa suke tafiya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Ana cikin azumin 2022 wani malamina na firamare ya kira ni a waya. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi jam'iyyarsa ba, domin har yanzu yana cikin aiki. A wani ƙauye yake a arewacin Kano, irin garuruwan nan namu da gona take manne da gona, ba daji ko kaɗan a tsakani, ka fita daga wannan unguwa kana hango rumbunan ta gaba. Ya ce min, "Ɗana, ina so in nemi majalisar jiha. Ka lissafa min, a shekarun da na yi ina koyarwa, yara nawa suka bi ta hannuna? Yau duk magidanta ne, duk suna da katin zaɓe." Na ce, "Malam, Allah ya taimake ka, lissafinka daidai ne, amma na zaɓen gama-gari ne. Kafin a kai can akwai wata ƙofa, kuma ɗalibanka ba sa shiga ta cikinta."

To wannan ƙofar nake so mu tattauna yau, wato zaɓen fid da gwani.

A takarda, kujerar ba ta da wuyar nema. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ka zama ɗan Najeriya, kana da ilimi aƙalla matakin sakandare, kana cikin jam'iyya kuma ita ta tsayar da kai. Shekaru da 30 ne, aka mayar da su 25 a 2018. Malami mai NCE ko digiri ya wuce duk wannan nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan jimlar ta "jam'iyya ta tsayar da kai". A Najeriya ba a takarar indifenda. Duk farin jininka, in babu jam'iyyar da ta miƙa sunanka ga hukumar zaɓe INEC, ba ka cikin lissafi.

Majalisar dokokin Kano kujeru 40 gare ta, ƙananan hukumomi kuwa 44 ne, shi ya sa aka haɗa wasu biyu-biyu, kamar Bagwai da Shanono, ko Rimin Gado da Tofa. A zaɓen 2023 masu rajista a jihar sun kai kusan miliyan 5.9. Ka raba wannan gida 40, za ka ga kowace kujera tana da mutum wajen dubu 148 a matsakaici. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi kakar 2023 da ita, ta bai wa jam'iyya hanya uku a sashe na 84. Akwai 'yar tinƙe, ko ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa. Akwai zaɓen wakilai, wato daliget. Sai kuma maslaha, inda 'yan takara za su janye wa mutum ɗaya. A wannan kakar manyan jam'iyyu sun fi karkata ga daliget da maslaha. APC ta fitar da daliget biyar daga kowace mazaɓa, PDP uku. To ɗauki Dambatta, mai mazaɓu goma. Biyar sau goma, hamsin. Mutum hamsin su ne za su zaɓar wa dubban jama'a wanda zai riƙe tutar jam'iyya. Mai ƙuri'a 26 ya gama. Kun ga inda jarin malamina ya zube? Shi jarinsa yawan mutanen da suka san shi ne, suka yarda da shi. An zo wurin da yawa ba ta da amfani.

Kuma su waye daliget ɗin? Ba wasu baƙi ba ne, maƙwabtanmu ne. Manomi ne, mai shayi ne, ɗan acaɓa ne, shugabar mata ce ta mazaɓa. Wasu ma ɗalibansa ne. Amma ba shi ya rubuta sunansu ba. Duk wanda ya riƙe shugabannin jam'iyya na mazaɓa tun lokacin zaɓen shugabanni, shi ke da ta cewa a kan jerin sunayen daliget, kuma wannan aikin ana gama shi watanni kafin malami ya fara tunanin buga fosta. Sannan ku duba lokacin. A ƙarshen watan Mayu aka yi zaɓukan fid da gwani na 2022, daidai lokacin da mutumin karkara ke sharar gona yana jiran ruwan shuka. Rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga iri, gonar kuma ba a hutar da ita saboda ƙarancin fili, in ba ka zuba mata ba ba za ta ba ka ba. Ni ba na zagin daliget ɗin da ya karɓi abin da aka ba shi a wannan yanayi. Shekara huɗu yana yi wa jam'iyya wahala, rana ɗaya ce tak ake neman sa da gaske, kuma ya san haka.

Sai kuɗin fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, PDP dubu 600. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne. Wato mai wannan albashin sai ya tara na wata 67 bai ci ko sisi ba kafin ya sayi fom ɗin farko. Malamina ya ɗara haka, amma ba da wani abin kirki ba. Kuma fom shi ne ƙaramin kashewa. Akwai motocin zagaye, akwai gaisuwar dattawa, akwai suna da biki da ta'aziyya da dole a gan ka kuma a ga hannunka. Dokar 2022 ta ƙayyade naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe. Shi malami wannan iyakar ko a mafarki ba ya kai mata.

Akwai kuma maganar ajiye aiki, wadda mutane ke yawan rikitawa. Sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki kwana 30 kafin ranar zaɓe. Shi kuwa sashe na 84(12) da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a 2022, masu muƙamin siyasa ya shafa, irin su kwamishina da mai ba da shawara, ba malamin aji ba. To amma doka daban, zaman ofis daban. Ranar da fostarka ta fito, kowa ya san ɓangarenka. In ka faɗi, gobe wurin aikin nan za ka koma, kuma takardar canjin wurin aiki ba ta bukatar a rubuta dalili a jikinta.

Abin da ya sa na ce wannan batu ya cancanci shiri guda shi ne, ba yau aka fara ba. Mun taɓa ganin irinsa, kuma malamin da abin ya faɗa wa kowa ya san shi.

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin komai. Ya koyar a Midil ta Bauchi, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa, sannan aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin, ya dawo Kano ya shiga NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta na wannan shekarar. A 1951 aka yi zaɓen majalisar dokokin Arewa a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson. Zaɓen ba kai tsaye ba ne, hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan wakilan su zaɓi na gaba, haka har a kai taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai fitar da 'yan majalisa. Kuma an bai wa En'e dama ta cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. A hawan farko NEPU ta taka rawar gani a birnin Kano, abin ya girgiza masu mulki. Da aka yi ta tacewa aka kai ƙarshe, ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

E, wancan zaɓen gama-gari ne, wannan na cikin jam'iyya ne, ban ce abu ɗaya ba ne. Amma dabarar iri ɗaya ce: duk lokacin da ka rage yawan masu zaɓe, ka sauƙaƙa wa mai iko da mai kuɗi, domin ana iya sanin kowa da sunansa, a san gidansa, a san bukatarsa, a san wanda yake jin kunya. Malam Aminu bai daina ba. Ya faɗi a zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya sake faɗuwa a na majalisar Arewa a 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya. Shekara tara ke nan bayan ya bar albashi.

Wani zai ce ai malamai sun yi mulki a ƙasar nan. Gaskiya ne. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Midil ta Bauchi, Shehu Shagari malami ne. Amma a zamaninsu malami yana cikin 'yan ƙalilan masu boko, albashinsa yana da daraja, kuma waɗannan ukun ba su yi faɗa da tsarin En'e ba, jam'iyyarsu ta NPC ta cikinsa ta tsiro. Ko a kusa-kusan nan, Malam Ibrahim Shekarau, malamin lissafi da ya zama gwamna a 2003, sai da aka yi ta shari'a a kan tikitin ANPP tsakaninsa da Ibrahim Al-Amin Little. Allo da alli ba su taɓa isa su kaɗai ba.

Shin 'yar tinƙe za ta gyara? A ganina za ta taimaki irin malamina, domin a nan ne ɗalibansa za su iya shiga layi. Majalisar tarayya ma ta so ta wajabta ta, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar 2021, sai da aka dawo da sauran hanyoyin ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Amma kada mu yaudari kanmu. 'Yar tinƙe tana tsaye ne a kan rajistar jam'iyya, kuma wanda ke riƙe da littafin shi ke cewa wane ɗan jam'iyya ne. Ga shi layi ake yi a fili. A ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne, tsayawa bayan malami alhali mai ba ka bashin taki yana kallonka, ba ƙaramin abu ba ne.

Malamina dai ya sayi fom. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya jinginar da gona ɗaya, tsofaffin ɗalibai muka yi karo-karo muka cika. Ya tsallake tantancewa lafiya lau. Ana saura kwana biyu zaɓe aka kira su taro da daddare, aka ce manya sun yi maslaha. Dokar ta ce maslaha ba ta inganta sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye, in mutum ɗaya ya ƙi, dole a koma zaɓe. Na tuna masa wannan a waya. Na ce kuma in aka yi ba daidai ba yana da kwana 14 ya kai ƙara babbar kotun tarayya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na ƙirga daliget ɗina, bakwai ne. In na ƙi sa hannu, su bakwai ɗin nan ne za su kwana a ciki, ba ni ba." Ya sa hannu. Kuɗin fom ba a mayarwa. A daminar nan shanun haya ya yi huɗa da su, gonar kuma sai bayan kaka biyu ya fanso ta.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda ya taɓa zama daliget a mazaɓarsa, ina so in ji yadda sunansa ya shiga jerin, da wanda ya rubuta shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.