Ƙararrawar cocin East Bergholt: rumfar wucin gadi da ta doshi shekara 500

A makarantun ƙauye da dama a Nijar da Najeriya, tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya shi ne ƙararrawa. Akan ce kafin a samu ta gaske, amma sai a shekara goma ana bugunsa. Irin haka ta faru da wani coci a ƙauyen East Bergholt da ke yankin Suffolk a gabashin Ingila, sai dai nasu wucin gadin ya fara tun 1531.

A al'adar cocin Ingila, ana rataye ƙararrawa ne a can saman hasumiya. Kowace na haɗe da wani gargare na katako da igiya ta zagaye shi. Masu bugu na tsayawa a ƙasa, kowa da igiyarsa, suna ja bi da bi cikin tsari da ke sauyawa. Mutanen East Bergholt ma haka suka so. A 1525 suka fara gina hasumiya a cocinsu na St Mary, amma aikin ya tsaya. Ana danganta hakan da faɗuwar Thomas Wolsey, babban limamin coci kuma na hannun daman Sarki Henry na 8, wanda ya rasa muƙaminsa a 1529 ya kuma rasu a 1530. Har yau ginin na nan a guntule.

Da suka ga babu hasumiya, sai suka haɗa rumfar katako a harabar cocin, suka rataye ƙararrawar a cikinta kusa da ƙasa, da niyyar kafin a kammala gini. A ƙarni na 17 an ɗauke rumfar zuwa arewacin cocin, bayan mai wani babban gida da ke maƙwabtaka ya koka da ƙara.

Ƙararrawar guda biyar ce, nauyinsu duka ya haura tan 4, kuma ana ganin babu wasu biyar da ake bugawa tare a Ingila da suka kai su nauyi. Da yake babu tsayin da igiya za ta sauko, mai bugu yakan tsaya dab da ƙararrawarsa, ya kama gungumen da take manne da shi, ya tura da hannu har ta juya, sa'annan ya tare ta idan ta dawo. Idan an gama, ana barin bakinsu yana kallon sama domin a samu sauƙin farawa. Aiki ne mai haɗari, domin ƙarfe mai wannan nauyi ba ya jiran wanda ya yi sakaci.

A nan ne damuwar take. Katako idan ya ruɓe ana sauya shi, ƙarfe idan ya tsage ana sake narka shi, amma wannan salon bugu sai a hannun wanda ya iya ake koyonsa, kuma ƴan ƙalilan ne suka iya. Ranar da matasan ƙauyen suka daina zuwa koyo, rumfar za ta zama abin kallon ƴan yawon buɗe ido kawai.