Daidaita Shokozoba Kafin Shiga Daji Da Babur Mai Ƙafa Huɗu

A shekarar 1970 ne kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani babur mai ƙafa uku domin shiga daji. Ba shi da sifirin, ba shi da shokozoba. Manyan tayoyinsa masu laushi su ne ke shanye gargada. A 1982 kamfanin Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu, a 1988 kuwa aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan haɗari. Yanzu masu ƙafa huɗu ne ke ratsa hanyoyin duwatsu irin su Hatfield-McCoy a jihar West Virginia da Paiute a jihar Utah.

Kamfani yakan daidaita shokozoba ne bisa nauyin matsakaicin mutum, alhali mahaya sun bambanta. Saboda haka aikin farko shi ne auna yadda babur ke lotsawa. A ɗaga shi har tayoyi su bar ƙasa, a auna daga gindin taya zuwa wata alama a jikinsa. Sa'an nan a sauke, mahayi ya hau da kayansa duka, a sāke aunawa. Bambancin ya kamata ya zama wajen sulusin iyakar motsin shokozoba. In ya wuce haka sai a ƙara matse sifirin da zoben da ke jikinsa. In ya gaza, a sassauta. Tilas hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba babur zai rinjaya gefe guda.

Wasu baburan suna da maɓallai biyu masu sarrafa gudun mai a cikin shokozoba. Na farko na matsewa ne: in ya yi laushi babur ya riƙa dukan ƙarshe a rami, in ya yi tauri hannuwan mahayi su jigata. Na biyu na dawowa ne: in ya cika sauri babur ya yi tutsu kamar doki, in ya cika nawa sai sifirin ya kasa miƙewa kafin rami na gaba.

Gwanaye sukan juya maɓalli ɗaya, mataki ɗaya, su gwada a hanya guda, su rubuta abin da suka ji. Sannu ba ta hana zuwa. A duba iskar taya bisa littafin kamfani, a kuma sa hular kwano, domin taya da ta rabu da ƙasa ba ta jin birki.