Daga Dogarawa Zuwa Ƙasar Waje: Ina Alli Zai Iya Kai Malamin Lissafi?

Idan muka tsaya a bakin titin Dogarawa da safe, muna ganin ɗalibai suna rububin Keke Napep, wasu za su Sabon Gari, wasu su bi ta Kwangila su nufi Samaru. Da za mu tambaye su darasin da ya fi ba su tsoro, da yawa za su ce lissafi. Amma wannan darasin da ake gudu yana cikin waɗanda ƙasashen duniya ke neman masu koyar da su ruwa a jallo.

Fitar masanin lissafi daga ƙasar Hausa ba yau aka fara ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimin lambobi, wato murabba'in da kowane layinsa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya. A can ya rasu a 1741. A nan kusa kuma akwai Farfesa Iya Abubakar, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya dawo ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978.

Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labarin Indiyawa da 'yan Ghana da suka koya musu lissafi a shekarun 1970 da 1980. A da mu ake kawo wa malamai, yanzu namu ake nema.

Hanyoyi biyu da aka sani

Ta farko ita ce shirin TAC da gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1987. Ana tura malamai, likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Yuganda. Aikin na shekara biyu ne, sai mutum ya dawo gida.

Ta biyu ita ce Ingila. Daga 1 ga Fabrairu, 2023, aka buɗe wa malaman da suka yi horo a Nijeriya ƙofar neman QTS, shaidar cancantar koyarwa a can, in dai fanninsu lissafi ne, ko kimiyya, ko harsuna. An nemi digiri, horon koyarwa, aƙalla shekara ɗaya a aji, da Turanci mai kyau. Takardar NCE kaɗai ba ta isa ba. A lura kuma: QTS ba aiki ba ce, ba biza ba ce. Sai malami ya nemi makarantar da za ta ɗauke shi.

Lissafi ɗaya, aji daban

Biyu da biyu huɗu ne ko'ina, amma salon ya bambanta. Abin da muke haddacewa da BODMAS, a Amurka PEMDAS suke cewa. A Maraɗi, inda ake karatu da Faransanci, 3.5 ɗinmu 3,5 ake rubuta shi. A makarantun gwamnatin Ingila an hana dukan ɗalibi tun shekarun 1980, don haka malamin da ya dogara da bulala zai rasa yadda zai riƙe aji. Ga sanyi, ga kewar gida, ga azumi ba tare da 'yan'uwa ba.

Albashi ma sai an yi masa lissafi. Kada a canza fam zuwa naira a fara murna. A fara cire haraji, kuɗin haya, na mota da na abinci, abin da ya rage shi ne riba. A kuma kiyayi dillalan da ke cewa a kawo kuɗi su samo aiki cikin mako guda. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga ina za a fara?

Daga ajin da kuke ciki. Ku ci lissafi da Turanci da kyau a WAEC ko NECO. Bayan JAMB, ga Tsangayar Ilimi ta ABU a Samaru, ba sai an yi doguwar tafiya ba. In an gama, a yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, sannan a shiga aji a koyar da gaske.

Akwai tambayar da ba za mu tsallake ba: in ƙwararrun duk suka tafi, wa zai koyar da ƙannenmu a Dogarawa? Ba mu ce kada a fita ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Al-Kashinawi ya tafi bai dawo ba, Iya Abubakar ya dawo ya yaye ɗalibai. Kowannenku zai zaɓi tasa hanyar in lokaci ya yi. Kafin nan dai, a zauna a yi aikin gidan lissafin da malam ya bayar yau.