Zaman Kashe Wando a Batsari da Safana: Abin da Alƙaluma Ba Su Nuna Ba

Ma'aunin rashin aikin yi a Najeriya ya sauya cikin 'yan shekaru. A ƙarshen 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Dalilin faɗuwar shi ne sabon tsarin lissafi: a da sai wanda ya yi aikin sa'o'i 20 a mako ake cirewa daga sahun marasa aiki, yanzu kuwa sa'a ɗaya ta wadatar. Ɗalibin da ke nazarin wannan al'amari a yammacin Jihar Katsina yana buƙatar ya san haka tun farko, domin a nan matsalar ta shafi gona da kasuwa ne fiye da ofis.

Mutanen Batsari da Safana manoma ne da makiyaya, kuma ƙasarsu ta jingina da Dajin Rugu. Can da, rashin aiki na zuwa ne da rani: da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai samari su tafi cirani Kano ko Kudu, su dawo da faɗuwar damina. Satar shanu da garkuwa da mutane suka karya wannan tsari. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Manoma da yawa sun bar gonakin da ke nesa da gari, sai masu ƙodago su ma suka rasa mai ɗaukarsu.

Matakan gwamnati sun ƙara nasu nauyin. Rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 ya tsayar da fatauci ta Jibiya zuwa Maraɗi. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Gwamna Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. An yi hakan ne domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, amma dillalai da 'yan acaɓa da masu POS suka zauna ba sana'a. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi.

Sakamakon a bayyane yake. Cirani ya zama ƙaura, garuruwan Batsari da Katsina da Dutsin-Ma sun karɓi 'yan gudun hijira, noma ya ragu, abinci ya yi tsada. Matashin da ba shi da abin yi kuma ya fi sauƙin faɗawa hannun 'yan bindigar da ke neman 'yan leƙen asiri, ta haka rashin tsaro da rashin aiki ke ciyar da juna. A bisa sabon lissafi, manomin da ya rasa gonarsa ya koma turin baro a tasha yana cikin masu aikin yi.