Likitan Da Ke Duba Cikin Jiki

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, wani attajiri da ya yi karatun allo a gabana ya zo mini da damuwa. Ɗansa ya gama shekara 6 na karatun likita, ya ce zai ƙara wasu domin ya ƙware a ilmin hoton cikin jiki. Uban kuwa yana ganin ɗaukar hoto ne kurum. Ga abin da na gaya masa.

Asalin wannan ilmi, wani Bajamushe ne, Rontgen, ya gano wani haske a 1895 wanda ke ratsa tsoka ya bayyana ƙashi. Mai ɗaukar hoton daban, likitan da ke karanta shi daban, kamar yadda mai rubuta allo ya bambanta da mai fassara.

Ilmin nan reshe biyu gare shi. Na farko shi ne gane cuta. Likita ya zauna a ɗaki mai duhu-duhu yana nazarin hotuna, ya ce ga karaya, ga tarin fuka, ga ƙari. Sau da yawa majinyaci bai san fuskarsa ba, alhali da maganarsa za a yanke shawarar fiɗa. Wannan sai mai natsuwa da amana.

Na biyu shi ne magani da jagorar hoto. A 1964 likita Dotter na Amurka ya zura siririn bututu cikin jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82, ya buɗe inda ta toshe, ba a yanke ƙafar ba. Mai wannan aiki yakan daɗe tsaye sanye da rigar darma mai nauyi, domin yawan hasken yana cutarwa, ana kuma tada shi tsakar dare.

Hanyar tana da nisa. A Nijeriya sai ya yi shekara guda ta horo a asibiti, da shekarar bautar ƙasa, kana wajen shekara 5 na ƙwarewa da jarrabawa mai tsanani.

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya. Saboda haka na ce wa uban kada ya gaggauta neman riba. Yaron kuma ya zauna da ma'abota kowane reshe, ya auna halinsa kafin ya zaɓa.

Allah Ya yi mana jagora. Haza wasalamu.